Nisan Tafiya A Jirgin Sama: Daga Kaduna Zuwa Jidda

Darasi domin hakimai da malaman ofisoshinsu

DALILIN WANNAN DARASI

Ofishin hakimi shi ne wurin da talaka ya fi saurin kai tambaya, kuma abin da ya ji daga bakin malamin ofis da shi yake aiki. Kowace shekara, da zarar an fara karɓar kuɗin kujerar aikin Hajji, tambayoyi kan yawaita game da tafiyar jirgin sama. Haka nan kuma 'yan kasuwa da ɗalibai da masu neman magani a ƙasashen waje ba su rabuwa da irin waɗannan tambayoyi. In malami ya ba da amsa da ka, mai yiwuwa ne wani ya rasa jirginsa, ko ya biya kuɗin doguwar hanya yana zaton gajera ce, ko iyalinsa su kwana a filin jirgi suna jiran mutumin da bai ko taso ba.

Ga misali. A ɗauka wani dattijo ne mazaunin Narayi, unguwar nan da ke kudu da Kogin Kaduna, maƙwabciyar Barnawa, cikin ƙaramar hukumar Chikun. Ya biya kujera, bai kuwa taɓa shiga jirgin sama ba. Ya sami malamin ofis, suka gaisa, ya ce, "Malam, don Allah ka warware mini wani abu. Ɗana ya duba a wayarsa ya ce daga Kaduna zuwa Jidda dubu biyu ne da 'yan kai. Maƙwabcina ya ce a'a, dubu uku ne da ɗari shida. Wani alhaji ya ce su awa bakwai suka yi zuwa, dawowa kuwa awa uku. Ni kuma na tashi na ji ana cewa kakana shekara uku ya yi a hanya. To, wa ke da gaskiya?"

Babu maƙaryaci cikinsu. Kowanne ya faɗi ma'aunin da ya sani ne. Nisan tafiyar jirgin sama iri huɗu ne: akwai miƙaƙƙen nisa tsakanin gari da gari, akwai nisan hanyar da jirgi ya bi a zahiri, akwai tsawon lokacin da aka yi a sama, akwai kuma ragowar tafiya a ƙasa kafin tashi da bayan sauka. Aikin malami shi ne ya san wanda ake tambaya, ya kuma rarrabe su ga mai tambaya.

YADDA AKE AUNA MIƘAƘƘEN NISA

Duniya dunƙulalliya ce kamar duma. Kewayenta ta tsakiya kimanin kilomita 40,000 ne. Masana sun raba wannan kewaye gida 360, kowane gida ana ce da shi digiri, saboda haka digiri ɗaya ya tashi kimanin kilomita 111.

In aka ɗauki duma aka ɗiga alama biyu a jikinsa, aka ja zare daga ɗaya zuwa ɗaya har ya yi tsam, inda zaren nan ya kwanta nan ce hanya mafi gajarta tsakaninsu. Haka abin yake ga garuruwa. Malamin da ke son ya tabbatar da kansa sai ya ari ƙwallon taswirar duniya daga makarantar da ke kusa, ya dafa bakin zare a kan Kaduna, ya ja shi zuwa Jidda, ya ƙulla alama. Sa'an nan ya ɗora zaren a kan layin da ya raba duniya biyu ta tsakiya, inda aka rubuta lambobin digiri, ya ƙirga. Zai sami digiri 32 da rabi. In ya buga wannan sau 111, zai sami kilomita 3,600 da 'yan kai. Lissafin da na'urorin jirgi ke yi ke nan, sai dai nasu ya fi daidaito.

Kada a yi wannan awo da ruler katako a kan taswirar da aka shimfiɗa a takarda. Ba shi yiwuwa a baje bayan duma a ƙasa sai ya tsage, don haka duk taswirar takarda sai ta ja waɗansu ƙasashe ta ƙara musu faɗi, musamman na can arewa da can kudu. Tsakanin garuruwan lardi ɗaya kuskuren ba shi da yawa. Tsakanin Kano da Landan kuwa babba ne.

Wannan ilmi ya girmi jirgin sama da fiye da shekara dubu. Wajen shekara ta 830 Halifa Ma'amun na Bagadaza ya aika masana taurari zuwa filin Sinjar su auna tsawon digiri ɗaya a ƙasa. A 1025 kuma Albiruni ya gama wani littafi a birnin Gazna, cikin ƙasar Afganistan ta yanzu, a kan yadda ake gane mazaunin garuruwa da nisan da ke tsakaninsu. Babban abin da ya sa malaman Musulunci suka dage kan wannan lissafi shi ne neman alƙibla, gama alƙibla ita ce fuskar da zaren nan ya nufa in an ja shi daga inda mutum yake zuwa Ka'aba. Daga Kaduna alƙibla tana karkata daga gabas sak zuwa arewa da kimanin digiri 23, watau wajen rubu'in abin da ke tsakanin gabas da arewa. Jidda kuwa tana dab da Makka, a kan fuska ɗaya. Ashe dattijon Narayi ya daɗe da sanin hanyar jirginsa: ita yake fuskanta sau biyar kowace rana.

MIL UKU DA KILOMITA ƊAYA

Yawancin gardama a kan nisa daga ma'auni take tasowa. Wajibi ne malami ya riƙe waɗannan:

Kilomita ɗaya mita 1,000 ce. Da ita ake aiki a hanyoyin Nijeriya da Nijar da Saudiyya yanzu.

Mil na Ingilishi mita 1,609 ne. Shi ne aka rubuta a duwatsun bakin hanya zamanin En'e, kuma har yanzu da shi dattawa ke ƙiyasi. Mil 5 daidai yake da kilomita 8.

Mil na teku mita 1,852 ne, watau kashi ɗaya cikin sittin na digiri. Da shi matuƙan jirgin ruwa da na sama suke lissafi.

Mil na littattafan fiƙihu shi ma dabam ne. A mazhabar Malikiyya nisan da ake yin sallar ƙasaru a kansa buruda huɗu ne, watau mil 48 na wancan ma'auni, wanda malamai ke ƙiyastawa tsakanin kilomita 80 da 90.

Saboda haka daga Kaduna zuwa Jidda kilomita 3,600 ne, mil 2,240 ne na Ingilishi, mil 1,945 ne na teku, duk kuwa nisa ɗaya ake nufi. Ɗan dattijo da maƙwabcinsa ba su saɓa ba ko kaɗan. Lambar da aka rubuta ba tare da sunan ma'auninta ba, ba ta da amfani, kamar a ce an sayi dawa goma ba a faɗi mudu ne ko buhu ba.

JADAWALIN NISA

Waɗannan lambobi miƙaƙƙen nisa ne daga filin jirgi zuwa filin jirgi, an daidaita su don sauƙin riƙewa:

Kaduna zuwa Jidda: kilomita 3,600, mil 2,240.
Kaduna zuwa Madina: kilomita 3,750, mil 2,330.
Kaduna zuwa Tel Abib: kilomita 3,700, mil 2,300.
Kano zuwa Jidda: kilomita 3,420, mil 2,125.
Kano zuwa Njamena: kilomita 710, mil 440.
Kano zuwa Yamai: kilomita 700, mil 435.
Kano zuwa Hartum: kilomita 2,620, mil 1,630.
Kano zuwa Alƙahira: kilomita 3,100, mil 1,925.
Kano zuwa Adis Ababa: kilomita 3,330, mil 2,070.
Kano zuwa Landan: kilomita 4,460, mil 2,770.

An sa Tel Abib cikin jadawalin domin a Narayi da unguwannin da ke kewaye da ita Kirista suna da yawa, kuma a filin jirgin da ke kusa da Tel Abib masu ziyarar Urushalima kan sauka. Gwamnatin Tarayya ta kafa musu hukumar ziyara a 2007, kamar yadda ta kafa Hukumar Alhazai ta Ƙasa a 2006. Hakimi uban kowa ne, kuma nisan tafiyar jama'ar biyu kusan ɗaya ne, bambancin bai wuce kilomita 100 ba.

Don a kusantar da lambar nan ga fahimtar mai tambaya, sai a gwada masa da abin da ya sani. Daga Kaduna zuwa Kano a mota kimanin kilomita 230 ne, don haka zuwa Jidda kamar a yi wannan tafiya ce sau goma sha biyar da ɗoriya. Matafiyin ƙasa mai cin kilomita 30 kullum, in da zai sami miƙaƙƙiyar hanya, ba hutu ba ciwo, kwana 120 zai yi, watau wata huɗu.

INDA ZAREN YA BI DA INDA MAGABATA SUKA BI

Zaren da aka ja daga Kaduna zuwa Jidda yana wucewa kudu da Kano, ya ratsa ƙasar Jigawa da Katagum da Yobe da arewacin Borno, ya haye Tafkin Chadi. Daga nan ya ratsa ƙasar Chadi, ya shiga Sudan ta arewacin Darfur, ya haye Kogin Nilu kusa da Dongola, ya faɗa Bahar Maliya arewa da Fot Sudan. Ya bar Hartum can kudu da fiye da kilomita 400. Kusan kashi biyu cikin biyar na dukan nisan a sararin Sudan yake. A riƙe wannan, za a ga amfaninsa nan gaba.

Mafi yawan ƙasar da zaren ya ratsa bayan Tafkin Chadi hamada ce, ba ruwa ba gari. Don haka alhazan da ba su bi nan ba. Sukan bi ta kudu, inda akwai rijiyoyi da kasuwanni: daga Kano zuwa Borno, zuwa Fort Lamy, wadda aka sake wa suna Njamena a 1973, zuwa Abeshe, zuwa Janaina da Fashir da Ubayyid, zuwa Hartum, sa'an nan Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa a haye Jidda. Da yawa cikinsu ba su fito da guzurin da zai kai su ba. Sai su tsaya su yi noma ko ƙodago ko koyarwa damina ɗaya ko biyu, in sun tara su ƙara gaba. Da haka tafiyar wata huɗu takan koma shekara uku ko bakwai, waɗansu ma ba su dawo ba har abada. Zuriyarsu na nan da yawa a Sudan, har da garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, wanda jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Masu hali kuwa wani lokaci sukan zaga ta teku. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko a 1921 ta Ingila ya bi a jirgin ruwa kafin ya isa Makka.

Jiragen sama na farko su ma sawun alhazan ƙasa suka bi, domin tankinsu ƙarami ne, dole su riƙa sauka shan mai. Ran 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka Kano, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Daga Masar suka taso ran 27 ga Oktoba, suka biyo ta Hartum da Darfur da Fort Lamy, bayan Kano kuma suka ƙaraso Kaduna. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano ta wannan hanya. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma ta nan aka riƙa wucewa da jiragen yaƙi daga Takoradi zuwa Masar, Kano da Maiduguri suna cikin manyan zangogi.

Cikin shekarun 1950 zuwa Hajji a jirgin sama ya fara yaɗuwa a Jihar Arewa. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya sauke farali a 1955. Jiragen wancan zamani masu farfela ne, gudunsu bai kai na yanzu ba. In aka lissafa hanyar zango, daga Kano zuwa Njamena kilomita 710, zuwa Hartum 1,930, zuwa Jidda 970, jimla 3,610 ke nan. Miƙaƙƙen nisa kuwa 3,420 ne. Ƙarin bai kai kilomita 200 ba. Abin da ya tsawaita tafiyarsu shi ne rashin gudu da yawan sauka da tashi.

ABIN DA KE HANA JIRGI BIN ZARE

Jirgin zamani yana tafiya tsakanin ƙafa 30,000 da 40,000 daga ƙasa, yana cin kilomita 800 zuwa 900 a awa. In aka ɗauki 850, kilomita 3,600 za su ci awa huɗu da kwata. A ƙara lokacin hawa da na gangarowa da na jiran izinin sauka, sai a sami awa huɗu da rabi zuwa biyar. Wannan in hanya a buɗe take ke nan. Abubuwa huɗu kan sauya lissafin.

Na farko, sararin sama yana da masu shi. Kowace ƙasa ita ke da ikon saman da ke bisa ƙasarta, ba jirgin da zai ratsa sai da izini, kuma akwai hanyoyi sanannu da ma'aikatan hasumiya ke sa jirage su bi. Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum, aka rufe sararin Sudan, ana saura 'yan makonni a fara jigilar alhazai. Da yake kusan kashi biyu cikin biyar na hanyar a can take, sai jiragen alhazan Nijeriya na wannan shekara suka zaga, tafiya ta ƙaru da sa'o'i, mai ya ƙaru, kamfanonin jirage suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera. A watan Agusta na shekarar kuma Jamhuriyar Nijar ta rufe nata sararin bayan juyin mulki, jiragen da ke tsakanin Turai da Nijeriya su ma suka yi ta zagaye. Garuruwa ba su gusa daga inda suke ba, amma hanya ta yi tsawo. Talakan da ya ji an ƙara kuɗi bai san dalili ba, zargi zai yi. In hakimi ya nuna masa zare a kan ƙwallon taswira, ya ga inda aka toshe, ko bai ji daɗi ba zai gane.

Na biyu, zango. Mai zuwa Umra ko fatauci sau da yawa yakan sayi tikitin da zai bi da shi ta wata ƙasa. Daga Kano ta Alƙahira zuwa Jidda kimanin kilomita 4,300 ne. Ta Adis Ababa kimanin 4,740 ne, watau ƙarin kilomita 1,300 a kan miƙaƙƙiyar hanya, ban da zaman jiran jirgi na biyu, wanda kan kai rabin yini ko kwana. Irin wannan tikiti yakan fi araha. Ga saurayi mai ƙarfi ba laifi. Ga tsoho ko majinyaci kuwa, a duba da kyau kafin a biya, kada araha ta zama wahala.

Na uku, iska. A can saman da jirage ke bi akwai iska mai ƙarfi wadda ba a jin ta a ƙasa. Da hunturu, sa'ad da iskar ƙasa ke busowa daga arewa maso gabas, ta can sama a kan arewacin Afirka daga yamma take tahowa, sai ta tura jirgin da ya nufi gabas ta kuma danne mai dawowa. Da damina akan sami akasin haka a kan Sudan da Chadi. Don haka zuwa da dawowa ba safai sukan zo daidai ba, ko da hanya ɗaya aka bi.

Na huɗu, yanayin filin sauka. Hazo mai kauri ko hadari kan sa a hana jirgi tashi, ko a juya shi wani gari. Ran 22 ga Janairu 1973 wani jirgi ya ɗauko alhazai daga Jidda za shi Ikko, watau Legas, aka juyo da shi Kano saboda lalacewar yanayi, ya yi hatsari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Yawancin hatsarin jirgin sama wajen tashi da sauka yake aukuwa, shi ya sa ma'aikata ba su wasa da yanayi. In aka ce an ɗage tashi saboda hazo, hakimi ya kwantar wa jama'a hankali. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

AL'AMARIN AGOGO

Nan ne kuskure ya fi yawa. Duniya tana juyawa digiri 15 kowace awa, daga yamma zuwa gabas, don haka garuruwan gabas suna riga na yamma ganin rana. Jidda tana gabas da Kaduna da kusan digiri 32, rana tana fitowa a can kimanin awa biyu kafin ta fito a nan. Agogon Saudiyya yana gaba da na Nijeriya da Nijar da awa biyu cif, rani da damina.

Ƙa'idar kamfanonin jirage ita ce, lokacin tashi a rubuta shi da agogon garin tashi, lokacin sauka da agogon garin sauka. Jirgin da ya bar Kaduna ƙarfe 10 na dare ya yi awa biyar a sama, zai sauka ƙarfe 3 na dare a agogon Kaduna, amma agogon Jidda ƙarfe 5 na asuba zai nuna. Wanda ya ƙirga daga 10 zuwa 5 sai ya ce awa bakwai. In kuma jirgin ya baro Jidda ƙarfe 8 na safe ya yi awa biyar, zai sauka Kaduna ƙarfe 11 na safe, mai ƙirga ya ce awa uku. Alhajin da ya ba dattijon Narayi labari bai yi ƙarya ba, agogo biyu ya haɗa. Hanyar gyara mai sauƙi ce: zuwa gabas a cire awa biyu daga abin da takarda ta nuna, dawowa a ƙara biyu.

Wannan bambanci ya shafi lokutan salla, domin mai tafiya gabas dare yakan gajarce masa, asuba ta riske shi da wuri. Ya shafi kuma mai shan magani a kan ƙa'ida, kamar mai ciwon sukari ko hawan jini, wanda ya kamata ya nemi shawarar likita kafin tafiya. Ya shafi iyalin da za su je tarye.

Akwai wani tarko kuma. A takardar jirgi sa'o'in yini 24 ake ƙirgawa a jere, 0130 shi ne ƙarfe ɗaya da rabi na dare, 1330 kuwa ƙarfe ɗaya da rabi na rana. Ranar takarda tana sauyawa ƙarfe 12 na dare. In aka rubuta Juma'a 0130, ana nufin daren da ya biyo bayan yinin Alhamis. Wanda ya bari sai ya sauko daga masallacin Juma'a sa'an nan ya kama hanya, zai tarar jirginsa ya yi rabin yini da tashi. Kalmar "daren Juma'a" ita kaɗai ba ta wadatar ba, domin a lissafin malamai dare yana gaban yini, ga waɗansu mutanen gari kuwa yana bayansa. Malami ya rubuta a fili, "daren Alhamis, wayewar garin Juma'a."

RAGOWAR TAFIYA A ƘASA

Lambobin jadawali daga fili zuwa fili suke, ba daga ƙofar gida ba. Filin jirgin saman Kaduna yana arewa maso yamma da gari, cikin ƙaramar hukumar Igabi. Mutumin Narayi sai ya haye Kogin Kaduna, ya ratsa gari ko ya zaga ta hanyar yamma, ya wuce Mando inda sansanin alhazai yake, kāna ya isa. Tafiyar ta haura kilomita 30. Jirgi a sama minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi zai yi ya cinye wannan, amma mota in hanya ta cushe tana iya yin fiye da awa guda. Bayan haka ga awon kaya da duba fasfo da biza da katin allurar rigakafi, abin da ya sa ake son mai fita waje ya isa fili awa uku kafin tashi. Alhazan kujerar gwamnati kuwa sansani ake kiransu rukuni rukuni, wanda aka kira ya amsa nan take.

Ba kullum ne kuma ake tashi daga filin da aka saba ba. A watan Maris da Afrilu na 2017 an rufe filin Abuja mako shida don gyaran titin jirage, aka mai da zirga-zirga Kaduna. Malami ya tabbatar da filin tashi kafin ya ba da lamba.

A can ma haka ne. Makka ba ta da filin jirgin sama. Daga filin Jidda zuwa Makka kusan kilomita 100 ne, daga Madina zuwa Makka kuwa kimanin 450. Wanda aka fara sauke shi Madina, a Zul Hulaifa zai ɗaura harami in ya nufi Makka. Wanda zai sauka Jidda ya zarce Makka, ya nemi bayanin miƙati daga malaman bita tun yana gida, ya kuma sa haraminsa cikin jakar hannu, gama jirgi yana cin kilomita 14 a minti ɗaya, kayan da aka auna kuwa ba a isa gare su sai an sauka.

AMSAR DATTIJO

Malamin da ya fahimci darasin nan zai ce, "Baba, duk sun faɗa maka gaskiya. Nisan kilomita 3,600 ne, shi ne mil 2,240. In hanya a buɗe take, awa biyar za ka yi a sama ko ƙasa da haka kaɗan, in an zaga kuwa ya fi. Da ka sauka ka tura agogonka gaba da awa biyu. Amma daga fitarka gida Narayi zuwa shigarka masauki, ka ƙiyasta yini guda da kwana, ka riƙe maganinka da haraminka a hannu. Abin da kakanka ya yi shekara uku yana nema, Allah ya kawo maka shi cikin yini ɗaya."

ABIN DA AKE BUKATA GA HAKIMAI

1. A kwafi jadawalin nisa a manna a bangon ofis.
2. Kada a rubuta lambar nisa sai da sunan ma'auninta.
3. Duk takardar jirgin da aka kawo a karanta, a faɗa wa mai ita rana da lokaci da Hausa, a rubuta masa a bayanta, a kuma nuna ko agogon wane gari ne.
4. A tambayi mai tikitin zango ko ya san inda za a sauke shi da tsawon jiran da zai yi.
5. In aka sami labarin rufe sararin wata ƙasa ko ɗage tashi, a sanar da dagatai da masu unguwanni da limamai da shugabannin coci, su isar wa jama'a da dalilinsa, kafin jita-jita ta riga su.
6. Abin da ya shafi hukuncin ibada a mai da shi ga malamai, abin da ya shafi lafiya ga likita.

TAMBAYOYI DON GWAJI

1. Zare ya nuna digiri 40 tsakanin gari biyu. Kilomita nawa ke nan? Wane gari ne cikin jadawali ke da wannan nisa daga Kano?
2. A mai da kilomita 2,400 zuwa mil na Ingilishi.
3. Jirgi ya bar Kano ƙarfe 9 na dare, ya yi awa huɗu da rabi a sama. Ƙarfe nawa agogon Jidda zai nuna sa'ad da ya sauka?
4. Jirgi ya baro Madina ƙarfe 2 na rana, ya sauka Kaduna ƙarfe 5 na yamma. Awa nawa ya yi a sama?
5. Takardar wata hajiya ta nuna Litinin 0045. Yaushe ya kamata ta bar gida, kuma yaya malami zai rubuta mata ranar da Hausa?